Dala miliyan 340, ko ƙamshin kofi babu: me ya samu New York Mets a 2025?

Wai ta yaya kulob zai zuba kusan dala miliyan 340 a albashin 'yan wasa cikin shekara ɗaya, ya ɗauko ɗan wasan da kwantiraginsa ya fi na kowa tsada a tarihin wasanni, ya kai tsakiyar watan Yuni babu wanda ya fi shi cin wasa a duk faɗin Amurka, sannan a zo ƙarshen Satumba ko cikin masu neman kofi bai shiga ba? Wannan tambayar ce magoya bayan kulob ɗin besbol na New York Mets suke ta cacar baki a kai tun ranar 28 ga Satumba 2025, a rediyo da X da cikin jirgin ƙasa, kuma har yanzu wutar bata mutu ba, sai ma ƙara ruruwa da ta yi a Disamba da kulob ɗin ya fara rabuwa da 'yan wasan da mutane suka fi so. Na ga wasu namu suna ɗaukar labarin suna cewa ai irin na Man United ne ko PSG, an tara taurari sun ci kuɗi sun kwanta. Akwai kama, amma ba haka abun yake ba, kuma wanda aka fi zagi a farkon kaka ma ba shi bane ya kayar da gidan.

Tukunna, ya ake wasan ma?

Na san da yawanmu besbol ba wasanmu bane, wasu ma ƙwallon gora suke ce masa, to bari in ɗan taƙaita don abun da zai biyo baya ya shiga. Mutum ɗaya ne yake tsayawa a tsakiyar fili ya jefo ƙwallo da ƙarfi, wani yana riƙe da gora yana ƙoƙarin dukanta. In ya doka sai ya ruga, akwai tasha huɗu da zai zagaya, duk wanda ya zagayo ya dawo inda ya fara an samu maki ɗaya. In ya maka ta ta tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo shi ne hom-ron, shi da duk abokansa da ke kan tashoshi sun ci maki a ɓagas. Zagaye 9 ake yi, a kowane zagaye kowane ɓangare zai yi ta bugu har sai an fitar masa da mutum 3, kuma babu canjaras, sai an samu gwani.

Kulob 30 ne a babbar gasar da ake kira MLB, kowanne yana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, wato kusan kullum ana fili. Ka kwatanta da firimiya da ake wasa 38. Babu faɗawa ƙaramar gasa, ko ka zo na ƙarshe kana nan. Kulob 12 ne suke wucewa zagayen neman kofi a Oktoba, 6 daga kowane ɓangare, don gasar ta kasu ɓangare biyu ne.

Abu ɗaya da nake so a riƙe shi ne mai jifa. Hannun ɗan Adam ba a yi shi don jifan da ya haura kilomita 150 a awa sau ɗari a dare ɗaya ba, shi ya sa mai buɗe jifa in ya yi wasa yau sai ya huta kwana 4 ko 5, don haka kowane kulob yana da mutum 5 da suke karɓa-karɓa. Ana so mai buɗewa ya riƙe zagaye 6 ko fiye, sannan 'yan karɓa su fito su ƙarasa ragowar, na ƙarshensu shi ne mai rufewa. In masu buɗewa suka riƙa sarewa tun zagaye na 4, to 'yan karɓa ne za su sha wahala kullum kullum har hannuwansu su mutu. A nan labarin Mets yake.

Masu goyon bayan da basa barci da ido biyu

Kulob biyu ne a New York. Yankees suna unguwar Bronx, inda 'yan Afirka ta Yamma da dama suke zaune, su ne masu kofi 27, su ne manyan gari. Mets kuma suna Queens, filinsu Citi Field, jirgin ƙasa mai lamba 7 ne yake kai ka har bakin ƙofa. An kafa su a 1962 kuma a shekarar farko wasa 120 aka cinye su, kofi biyu kacal suke da shi, 1969 da 1986. Mai shekara 35 yau bai taɓa ganin sun ɗaga kofi da idonsa ba.

Kuma ba rashin kofin ne kawai ba, salon da suke faɗuwa ne yake ci wa mutane rai. A 2007 suna gaba da tazarar wasa 7 saura wasa 17 a gama, suka zubar, kulob ɗin Marlins na Florida suka ƙarasa su a ranar ƙarshe. A 2008 Marlins ɗin dai suka sake fitar da su a ranar ƙarshe, a wasan bankwana da tsohon filinsu Shea. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, to haka ɗan Mets yake, ko suna saman tebur zaka ji yana cewa a dai jira Satumba.

A ƙarshen 2020 attajirin nan Steve Cohen ya sayi kulob ɗin kan kusan dala biliyan 2.4 daga iyalan Wilpon, waɗanda damfarar Bernie Madoff ta taɓa aljihunsu har suka koma tsuke hannu. Cohen tun yana yaro ɗan Mets ne, kuma da ya zo ya faɗa da bakinsa cewa zai ji ba daɗi in ba a ci kofi cikin shekara 3 zuwa 5 ba. 2025 ce shekara ta biyar. Mutane basu manta ba, suna nan suna ƙirge.

Yadda kakar ta tafi

A 2024 Mets sun kai wasan kusa da na ƙarshe, Dodgers suka fitar da su. Sai a Disamba Cohen ya ƙwace Juan Soto daga hannun Yankees, shekara 15 kan dala miliyan 765. Miliyan 51 kenan duk shekara, in ka buga dala a naira 1,500 ya haura naira biliyan 76, mutum ɗaya, shekara ɗaya. Ga Francisco Lindor, ga Pete Alonso, ga Brandon Nimmo, ga Edwin Díaz a rufewa. Kowa ya ce bana kam sai dai wani ikon Allah.

Kuma farkon abun ya tafi yadda ake so. Ranar 12 ga Yuni sun ci 45 an ci su 24, babu kamarsu a duk gasar. A wasan ranar ne kuma Kodai Senga, ɗan Japan ɗin da shi ne jagoran masu jifansu, ya ruga ya tare tashar farko, Alonso ya wurgo masa ƙwallo ta yi sama, ya yi tsalle ya sauko jijiyar cinya ta ɗaure. Sun ci wasan, amma daga washegari aka cinye su sau 7 a jere. A Agusta aka sake 7 a jere, a Satumba 8 a jere, ciki har da huɗu da Phillies suka jera musu a Philadelphia. Daga wancan ranar ta Yuni zuwa ƙarshe wasa 38 suka ci, aka ci su 55.

Dukda haka ranar ƙarshe ƙofa a buɗe take. Su da Cincinnati Reds ne suke takarar gurbi na ƙarshe, kuma Reds ɗin an doke su a Milwaukee a ranar, wato da Mets sun ci da sun wuce. Da wa suke wasa? Marlins mana, a Miami. Marlins suka ci 4 da nema. A zagaye na 5 tashoshi uku duk a cike, Alonso ya maka ƙwallo kamar harsashi, ta je ta faɗa hannun mai tsaron gefen hagu, wato an fitar da shi, ba maki ko ɗaya. Suka ƙare da 83 da 79 daidai da Reds, amma Reds sun fi cin su a karawar da suka yi a tsakaninsu, shikenan sai gida. Sau uku kenan kulob ɗaya yana binne su a ranar ƙarshe.

Laifin Soto ne?

Wannan shi ne ra'ayin da ya fi yawo a wajen waɗanda basu bi kakar ba, kuma na gane dalili. Wata biyun farko Soto bai yi abun a zo a gani ba, ga fuska a ɗaure, a Mayu ya koma filin Yankees aka yi ta masa ihu, sannan a Boston ya doki ƙwallo ya tsaya kallo yana zaton ta fita, ashe katanga ta daka, ya tsira da tasha ɗaya kawai. Masu kira a gidan rediyon WFAN suka yi ta cewa ai yaron zuciyarsa tana Bronx, kuɗi kawai ya biyo.

To amma duba abun mamaki, lokacin da Soto yake sanyi kulob ɗin cin wasa yake, lokacin da ya kama wuta kuma kulob ɗin ya fara nutsewa. Shi aka ba gwarzon watan Yuni a ɓangarensu. Ya gama kaka da hom-ron 43, mafi yawa a rayuwarsa, ya sace tasha 38, wato rugawa tasha ta gaba yayin da mai jifa yake jefa wa mai gora ƙwallo, shi da ba a san shi da gudu ba, ya zo na uku a zaɓen gwarzon shekara. Alonso ya yi hom-ron 38 ya kuma shigar da maki 126 da bugunsa, Lindor ya yi hom-ron 31 ya sace tasha 31. Masu kuɗin sun yi aikin kuɗinsu. Inda za a iya kama Soto shi ne tsaron fili, a nan kam ba gwani bane, kuma wannan zai dawo a maganarmu. Amma ka sani a besbol mutum 9 ne suke layin bugu, komai iyawarka sau 4 ko 5 gora za ta zo hannunka a wasa, ba kamar ƙwallon ƙafa bane da za a ce kowa ya nemi Messi ya ba shi. Ba yadda za a yi mutum ɗaya ya ɗauki kulob a ka.

To koci fa?

Carlos Mendoza, ɗan Venezuela. Shi ma ya sha zagi, musamman kan saurin cire mai jifa da kuma yadda kullum bayan an sha kashi yake fitowa ya ce yaran suna da kyau za su farfaɗo, har mutane suka gaji da ji. Masu wannan ra'ayin suna kafa hujja da kurakuran sakarci da aka riƙa yi, jifa ba inda ya dace ba, mantawa da tare tasha, suna cewa wannan rashin tarbiyyar fili ne kuma daga sama yake. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai koci a besbol na yanzu ba Mourinho bane, ofis ne yake haɗa masa 'yan wasa ya kuma miƙo masa lissafin kwamfuta kan wa zai fuskanci wa. Kuma mutumin nan dai shi ne a 2024 ake ta yabo. Kulob ya bar shi a kujerarsa, aka sallami yawancin mataimakansa, har da kocin masu jifa Jeremy Hefner da masu koyar da bugu.

Inda ramin yake: David Stearns da cinikin araha

Ni a nawa ganin a nan ya kamata a tsaya. Stearns shi ne shugaban harkar 'yan wasa, shi yake saye da sayarwa, ɗan New York ne da ya tashi yana son Mets, ya yi Harvard, ya yi suna a Milwaukee Brewers inda yake haɗa kulob mai kyau da ɗan kuɗi kaɗan. Yana da aƙida guda, baya son ba mai jifa dogon kwantiragi, don hannu abu ne da zai iya tsinkewa gobe, kuma ba ƙarya ya yi ba, Mets ɗin nan a 2023 sun biya Max Scherzer da Justin Verlander sama da dala miliyan 43 kowannensu a shekara, dattawa biyu, kaka ta lalace aka sayar da su tun kafin a gama, aka ƙare da 75 da 87. Don haka shi salonsa ya nemo wanda kasuwarsa ta faɗi, a gyara masa jifa, a more shi shekara ɗaya ko biyu. A 2024 dabarar ta ci, Sean Manaea da Luis Severino suka yi abun kirki.

Sai ya maimaita a 2025. A lokacin ga Max Fried a kasuwa, Yankees suka ɗauke, ga Corbin Burnes, ya tafi Arizona. Shi kuma ya sake ɗaukar Manaea shekara 3 kan miliyan 75, ya kawo Frankie Montas shekara 2 kan miliyan 34, ya ɗauko Clay Holmes wanda shekara da shekaru ɗan karɓa ne ya mai da shi mai buɗewa, ya ƙara da Griffin Canning. Wato gida ne an kashe dukiya a falo da labule, ginshiƙi kuma aka je gwanjo.

Manaea da Montas tun a sansanin atisaye suka ji ciwo, basu dawo ba sai tsakiyar kaka, kuma da suka dawo gara ma basu dawo ba, Montas daga ƙarshe sai tiyatar gwiwar hannu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, Canning ya tsinke jijiyar agara a ƙarshen Yuni. Senga kafin ciwonsa maki 1.47 ake ci a hannunsa a duk zagaye 9, wanda lamba ce ta gwanaye, ya dawo ya zama wani mutum daban har a Satumba aka tura shi ƙaramar gasa, inda kulob yake rainon 'yan wasansa, ya je ya nemo kansa. Holmes ya yi ƙoƙari amma jikinsa bai saba da dogon aiki ba. Akwai wajen wata biyu da in ka cire David Peterson babu mai buɗewa ko ɗaya da ya kammala zagaye 6, kuma shi ma Peterson ɗin daga Agusta ya sare.

Ka tuna abun da na ce a riƙe. Kullum 'yan karɓa su ne zagaye 4, zagaye 5, yau da gobe da jibi, sai aka koma ɗauko mutum daga ƙaramar gasa ya yi jifa yau gobe a mayar da shi a kawo wani. Mutum 46 ne suka yi wa Mets jifa a kaka ɗaya, ba a taɓa yin haka ba a tarihin gasar, alhali 13 ake riƙewa a lokaci guda. A ƙarshen Yuli da kasuwa za ta rufe kowa yana ihun a kawo mai buɗewa, Stearns ya kawo 'yan karɓa uku, Ryan Helsley da Tyler Rogers da Gregory Soto (wani Soton daban), da ɗan tsakiyar fili Cedric Mullins. Rogers ya yi aiki. Helsley kuwa da ya zo da suna daga St. Louis sama da maki 7 ake ci a hannunsa a zagaye 9, ya zubar da wasanni da dama da suke hannu, Mullins ma gorarsa ta yi shiru. Daga ƙarshe yara uku sababbi fil aka ɗora wa kaya, Nolan McLean da Jonah Tong da Brandon Sproat. McLean ya ba kowa mamaki, maki 2.06 kacal aka ci a hannunsa a duk zagaye 9 cikin wasa 8, har wasu na cewa da an kawo shi tun Yuli da ba haka ba, tunda wasa ɗaya tak aka rasa. Kulob ɗin miliyan 340 ya dogara da yaron da watan jiya yake ƙaramar gasa, kai ka san akwai matsala.

Masu kare Stearns suna da nasu zancen kuma ba shirme bane. Suna cewa Burnes ɗin da ake kuka a kai ai shi ma a Yuni hannunsa ya tsinke aka yi masa tiyata, da Mets ne suka saye shi da yanzu wani kukan ake. Suna cewa wa zai hango mutum huɗu za su faɗi kusan lokaci guda? Kuma yaran da suka fito ai shaidar gonar da yake nomawa ce. Na yarda da rabi. Ciwo ƙaddara ne, amma in ka tara mutanen da dama can kowanne da tarihin ciwo ko alamar tambaya a kansa, to ba ka ce ƙaddara ita kaɗai ba. Shi kansa ya fito bayan kaka ya ɗauki laifin, ya ce basu yi abun da ya kamata ba wajen hana abokan karawa cin maki, jifa da tsaron fili duka.

Wata lamba da ta fi ba mutane haushi

Sau 70 Mets suka shiga zagaye na 9 ana cin su, ko sau ɗaya basu farke sun ci ba. Su kaɗai ne a gasar da haka ta faru da su. Daga nan ne maganar "basu da zuciya" ta samo asali, aka shiga raɗe-raɗin wai ɗakin canza kaya ba lafiya, wane baya shiri da wane. Masu lissafi kuma suka ce wannan yawanci sa'a ce, kulob mai masu bugu irin waɗannan ko da kuskure ya kamata ya farke uku ko huɗu.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Mets ɗin 2024 da ake yi wa kirari wasa 89 suka ci, na 2025 da ake tsinewa 83, bambancin 6 ne cikin 162. Na 2024 sun fara da muni, a ƙarshen Mayu 22 da 33 suke, suka ƙare da gudu, suka shiga a ranar ƙarshe da hom-ron ɗin Lindor a Atlanta, kuma Arizona ma 89 ta ci amma dokar raba gardama ta bar ta a waje. Dokar da ta shigar da su a 2024 ita ta fitar da su a 2025. Da za a juya kakar 2025 a fara da Satumba a ƙare da Afrilu, da labarin jarumta ake bayarwa na waɗanda suka kusa. Ba wai ina wanke su bane, 83 da wannan kuɗin abun kunya ne ko ta ina ka juya shi, kawai dai zafin da ake ji rabinsa daga yadda abun ya jeru ne.

Kuɗi baya aiki kenan?

A nan ma ana yawan kuskure. MLB bata da iyakar albashi irin wadda sauran manyan wasannin Amurka suke da ita, abun da take da shi haraji ne. A 2025 in albashinka ya wuce dala miliyan 241 zaka fara biyan tara, in ka haura da miliyan 60 kuma kana yi shekara da shekara, duk dala ɗaya da ka ƙara sai ka biya dala 1.10 a kai. Wannan matakin na sama a 2022 aka ƙirƙiro shi kuma harajin Cohen ake ce masa, kowa ya san don wa aka yi. Ma'ana ɗan wasan miliyan 10 a wajen Mets miliyan 21 yake ci.

Masu cewa kuɗi banza ne suna nuna Brewers, tsohon gidan Stearns, da suka fi kowa cin wasa a 2025, 97, da albashin da bai kai rabin na Mets ba. Suna tuna 2023 da manyan masu kashe kuɗi uku, Mets da Yankees da Padres, duk suka zauna a gida. To amma wa ya ɗauki kofin 2024 da 2025? Dodgers, waɗanda su ma buhu suke zubarwa, kuma a kan hanyar kofin 2025 suka share Brewers ɗin 4 babu ko ɗaya. Bambancin shi ne Dodgers sun zuba nasu a hannuwa, Yamamoto da Snell da Glasnow da Ohtani, in biyu sun kwanta biyu na tsaye. Kuɗi masu gidan rana suna aiki, sai dai a ina ka ajiye su.

Wannan gardamar ta wuce Mets. Yarjejeniyar masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa wa'adinta ranar 1 ga Disamba 2026 ne, wasu masu kulob suna son a sa iyakar albashi, 'yan wasa kuma tun fil azal basa yarda, a kan haka aka yi yajin aikin 1994 da ya sa ba a buga wasan kofi ba a shekarar.

Sai aka fara rushe gida

A Nuwamba aka yi musayar Nimmo da Marcus Semien na Texas Rangers. Nimmo tun 2011 yake gidan, ya fi kowa daɗewa, mutumin da ko kyautar tasha aka ba shi da gudu yake zuwa yana murmushi. Semien a lokacin shekararsa 35, bugunsa ya ja baya amma gwanin tsaro ne, ka ga maganar hana maki ta fara aiki. A Disamba Díaz, wanda in zai shigo fili ake busa ƙaho duk filin ya miƙe, kuma wanda ya yi kaka mai kyau ƙwarai, ya koma Dodgers shekara 3 kan miliyan 69. Washegari Alonso ya tafi Baltimore Orioles, shekara 5 kan miliyan 155. Kafin wata ya ƙare Jeff McNeil ma aka tura shi Athletics.

Na Alonso ne ya fi taɓa mutane. Ɗan gida ne, Mets suka raine shi, a shekararsa ta farko 2019 ya yi hom-ron 53, a Agustan 2025 ya karya tarihin Darryl Strawberry na 252 ya zama wanda ya fi kowa a tarihin kulob ɗin, ya tsaya a 264. Shi ne a Oktoban 2024 a Milwaukee, zagaye na 9 ana cin su 2 da nema saura ƙiris a fitar da su, ya maka hom-ron ɗin da har yau in an nuna wasu sai sun yi hawaye. Wanda ya jefo masa wannan ƙwallon sunansa Devin Williams. To Devin Williams ɗin ne Mets suka saya a Disamba, shi aka sa ran zai gaji Díaz. Wallahi ko mai tsara wasan kwaikwayo sai haka.

Yanzu magoya baya sun rabu biyu, kuma in ka saurara da kyau ba a kan abu ɗaya suke musu ba. Ɓangare ɗaya suna cewa waɗannan mutanen shekara nawa suna tare, Alonso da Nimmo da McNeil da Díaz, me suka ciyo? An zubar a 2021, an ci wasa 101 a 2022 aka fita a zagayen farko, ga 2023 ga 2025, to a canza jini. Kuma mai bugu mai nauyin jiki da ya haura 30, wanda tsaronsa dama da sauƙi, ba a ba shi shekara 5. Ɗaya ɓangaren suna cewa to in hannuwa ne matsalar me ya kawo korar masu gora? Kuma me amfanin mai kulob mafi kuɗi in za a riƙa tafiyar da shi kamar Milwaukee? Ni ina ganin na farko sun fi hujja a kan Nimmo da McNeil, na biyu sun fi hujja a kan Díaz, don rahotanni sun ce tazarar tayin 'yan miliyoyi ce kawai, kuma ka bar shi ya tafi wajen wanda ya fitar da kai a 2024. Alonso kuwa lissafi yana gefe ɗaya zuciya tana ɗaya gefen, wataƙila a 2029 Stearns ya fito da gaskiya, amma a 2026 wa zai tsaya bayan Soto a layi ya shigar da maki 126?

Shi mai sayen tikiti fa?

Sama da mutum miliyan 3 ne suka shiga Citi Field a 2025, ba a taɓa tara haka ba tunda aka buɗe filin a 2009, kuma Cohen da kansa ne ya yi ƙorafi kafin kaka cewa mutane basa zuwa, suka amsa kira suka cika masa fili. Yawancinsu ba attajirai bane, direbobi ne da ma'aikatan asibiti da masu shaguna na Queens da Long Island, ga 'yan Dominika da Puerto Rico da suke zuwa da tutocinsu saboda Soto da Lindor. Kai iyali wasa ɗaya a New York, tikiti da abinci da wajen ajiye mota, ba ƙaramin kuɗi bane. Akwai kuma masu sayar da abinci da masu gadi da masu shara da ake biya wasa-wasa, duk wasan Oktoba da ba a buga a Queens ba kuɗin cefane ne ya wuce su. Cohen ya rubuta a X ya ba magoya baya haƙuri, ya ce sun yi nasu kulob ne bai yi nasa ba.

Waɗanda suka sabunta tikitin shekara tun kafin Disamba su suka fi jin an yi musu sakiyar da ba ruwa, sun biya don su kalli wasu mutane, za su zo su tarar da wasu. Ga uban da ya saya wa ɗansa riga mai lamba 20 da sunan Alonso a baya, yanzu sai ya zauna ya yi wa yaro ɗan shekara 8 bayanin me ake nufi da kwantiragin shekara 5 da kuma dalilin da ya sa gwaninsa zai sa rigar Baltimore.